Abin da Yaya Zai Kalla

Da asuba, kafin motocin farko su fara wucewa, Mai Walda yana juya yayansa a kan gado. Hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ya tokare ƙarfen gadon da gwiwa, sannan ya mirgina shi a hankali. Ya goge masa baya da tsumma da ruwan ɗumi, ya shafa mai inda ƙashi ke gogar katifa, ya miƙar da zanen gado don kada ya naɗe ya ci masa fata. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta nuna masa wannan ranar da aka sallame su daga asibiti. Nunin ya ishe shi. Haka yake da kowane aiki: a yi a gabansa ya gani, kada a cika shi da bayani.

Mai Walda kowa ke ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Yayansa kaɗai ke kiransa Auta, ko da yake furfura ta gama da gemunsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, idanunsa kullum jajaye saboda hasken walda, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsi. Ƙofofi yake yi da tagogi da gadajen ƙarfe, a wata rumfa bayan tashar mota. Ba ya yi wa kowa alkawarin rana. In ka tambaye shi yaushe ƙofarka za ta fito, sai ya ce in ta fito za ka gan ta. Wasu sun ɗauke shi mai girman kai. Ba girman kai ba ne. Ya daɗe da gajiya da magana, tasa da ta mutane.

Yana ƙarami mahaifinsu ya rasu, Yaya ne ya riƙe shi. Yaya direban babbar mota ne, mai doguwar tafiya, mai murya kamar hon ɗin motarsa. Shi ya kama hannun Auta ya kai shi rumfar wani maƙerin ƙofofi, ya ce, "Ga shi nan. Ba ya magana, amma yana gani." Shi ya saya masa injin waldarsa na farko, shi ya tsaya masa a aure. Bai taɓa ambaton ko ɗaya daga ciki ba, Auta kuma bai taɓa yi masa godiya da baki ba. Da ɓarin jikin Yaya ya shanye, matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa mata kowace tana wani gari mai nisa da mijinta. Ba a yi taron shawara ba. Mai Walda ya je da motar haya ya ɗauko shi.

Ciwon ya ɗauke hannun hagu da ƙafar hagu, ya ƙage wuya, amma ya bar baki. Matar Mai Walda takan ce ko ciwo ya san abin da ya fi ƙarfinsa. A falo aka sa gadon, don nan ne mai babbar taga da iska, kan gadon a ƙarƙashin tagar. Akwai tsohuwar talabijin mai doro a kan teburi, ita ke tara mutane da yamma. Maƙwabta su shigo kallon ƙwallo, Yaya yana kwance yana zagin alƙalin wasa, yana gyara wa mai karanta labarai sunayen garuruwa, yana ce wa matar ƙanensa Amarya kamar jiya aka kawo ta, alhali ta aurar da 'ya.

Sai wata rana talabijin ɗin ta yi ƙauri ta mutu. Mai gyara ya buɗe bayanta, ya rufe, ya ce kayan irinta sun ƙare a duniya. Maƙwabta suka sami wani falon. Masu gaisuwa suka koma tsayawa daga bakin ƙofa. Yaya ya rage magana kaɗan kaɗan, kamar famfon da ruwansa ke janyewa. Abinci ya fara komawa kicin da saura. Likita ya duba ya ce jikin bai ƙara lalacewa ba, zuciyar mutumin ce ta zauna.

Wata asuba Mai Walda ya gama goge shi, bai ji komai ba. Da can, a nan ne Yaya zai ce masa hannunsa kamar fartanya.

"Yau babu zagi?" in ji Mai Walda.

"Juya ni ka tafi aikinka."

Wannan amsar ta bi shi har rumfa. Ya ƙona ƙarfe biyu a ranar, abin da ya daɗe bai yi ba. Da yamma ya ce wa matarsa zai sayo talabijin.

Kafin gari ya waye labari ya kai ga surukinsa, mijin 'yarsa, ma'aikacin ofis, yaro mai ladabi da son taimako. Ya zo ya durƙusa ya gaishe su, ya ce, "Baba, iri biyu ne yanzu a kasuwa, duka shafaffu, ana rataye su a bango. Akwai filasma, akwai elsidi. Elsidi za ka saya. Ba nauyi, ba zafi, ba ta shan wuta, kuma da rana tsaka hotonta fes yake."

A rumfa kuwa masu zaman benci suka ce filasma. Launinta ya fi zurfi, baƙinta baƙi ne na gaske, in ana ƙwallo ba ta barin jela a bayan ɗan wasa. Wani ya ce elsidi ta 'yan ofis ce. Wani ya ce filasma tana cinye mita kamar dutsen guga. Mai Walda yana jin su yana goge bakin wani ƙarfe. A cikinsu babu wanda ya taɓa kwanciya yini guda a wuri ɗaya yana kallon abu ɗaya.

Ranar hutunsa, da aka ɗaga Yaya aka zaunar da shi a kujera don a shanya katifa, Mai Walda ya cire takalmi ya hau gadon, ya sa kansa a kan matashin, daidai inda kan Yaya ya yi rami. Ya hana wuyansa motsi. Abin da ya gani bai taka kara ya karya ba: silin mai tabon ruwa, fankar sama, saman ƙofa, da wani yanki na bangon da ke fuskantarsa. Ƙofa ta cinye tsakiyar bangon, saboda haka dole talabijin ta hau sama can gefe. Zai iya ƙera mata ƙarfe ya juyo da ita ta kalli gadon kaɗai, amma in ya yi haka ta juya wa kujeru baya, babu mai zama. Shi kuma mutane yake so su dawo falon. Kenan Yaya daga ƙasa zai riƙa kallo, kuma a karkace.

"Ka mutu ne?" Yaya ya tambaya daga kujera.

"Gwaji nake."

"Lokacinka bai yi ba. Sauka mini daga gado."

Ya yanki sandar rodi daidai tsayin matashin daga ƙasa, ya auna nisan bango da igiya, ya ƙulla. Da su ya tafi kasuwa.

Shagon dogo ne mai sanyi, talabijin jere a bango hawa biyu, duka suna nuna kifaye masu launi suna iyo. Mai shagon ya taso da fara'a, ya fara zuba bayani. Mai Walda ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce a nuna masa filasma da elsidi masu girma ɗaya, kusa da juna, a hawan sama. Aka nuna masa. Daga tsaye, gaba da gaba, shi bai ga wani bambanci ba, sai dai elsidi ta fi haske. Ya miƙa igiyarsa daga bango, ya ja gefe, ya kafa rodin. Ya ari wani babban kwali ya kife, ya duba tsayinsa da rodin, ya kwanta a kai rigingine.

"Baba, lafiya?" in ji mai shagon. "Jiri ne? A kawo ruwa?"

"Mai kallon a kwance yake. Cire kifin nan, sa mini fuskar mutum."

Wata mata da ta zo sayen fanka ta ja da baya tana dariya a cikin mayafi. Mai shagon ya sauya tasha, wani mutum ya fito yana karanta labarai a allo biyun. Daga inda Mai Walda yake, fuskar da ke cikin elsidi ta yi duhu, kamar an shafa mata toka, farar rigar ta koma ruwan ƙasa. Ta cikin filasma kuwa tana nan yadda take, har gumin goshin mutumin ana gani.

Mai shagon ya tattare wandonsa ya tsuguna, ya kwantar da kai kusa da nasa. Ya daɗe yana kallo.

"Gaskiya ne," ya ce. "Ni kullum daga tsaye nake ganinsu. Amma bari in gaya maka nata laifin, kada ka dawo ka ce na ɓoye. Filasma gilashi ne a fuskarta. Akwai taga a gabanta?"

"Babba ma. A bayan kansa."

"To da rana tagar za ka gani a ciki, ba hoto ba. Elsidi fuskarta ba ta ƙyalli, ɗaki mai haske nata ne. Sannan filasma tana da nauyi, tana fitar da zafi, tana jan wuta. Kuma kada a bar ta a kan hoto ɗaya tsaye na dogon lokaci, yana iya zaunawa a jikin allon. Ni da ɗakina ne mai taga, elsidi zan ɗauka."

"Taga ana sa mata labule," in ji Mai Walda. "Wuyansa fa, me zan sa masa?"

Ya ɗauki filasma. Mai shagon ya ce a riƙe ta a tsaye har gida, kada a kwantar, kuma a ajiye kwalin, in ba ta yi ba cikin mako a dawo a canza.

Mai Walda da kansa ya ƙera mata mariƙi da ƙarfen da yake yin ƙofar sito, ya sunkuyar da shi kaɗan, ya huda bango ya ɗaure da manyan kusoshi. Shi da surukinsa suka ɗaga ta, yaron yana nishi yana cewa da elsidi ce da hannu ɗaya zai rataye ta. Matarsa ta ɗinka labule mai kauri, ninki biyu. Da yamma aka kunna. Maƙwabta suka dawo da kujerunsu, ciyawar filin ƙwallo ta fito kore shar, Yaya ya zagi mai tsaron gida har sau biyu. Mai Walda ya ci abinci da yawa a ranar.

Amma yamma gajeriya ce, yini ne mai tsawo. Da safe kowa ya watse, a ja labule don hoto ya fito, falon ya yi duhu. Iskar da aka kawo gadon dominta ta tsaya a bayan labule. Talabijin tana huci, fanka tana juya zafin. In an ɗauke wuta, sai duhu da gumi kawai. Kwana kaɗan Yaya ya daina neman rimot.

"Amarya, kashe abin nan," yakan ce. "Kun rufe ni kamar kayan da aka manta a sito."

Ta gaya wa mijinta a kicin, murya ƙasa ƙasa. "Maigida, ya koma shirunsa. Ga ƙurajen zafi sun feso masa a wuya."

Mai Walda bai yi musu ba. Ya je ya duba wuyan da kansa, ya ga ƙurajen. Ya auna tsayi, ya auna nisa, ya manta cewa mutumin yana numfashi. Bai ɓata lokaci yana jin haushin kansa ba, aikin da ya karkace yankewa ake yi a sake. Ya aika wa mai shagon cewa gobe da rana zai kawo ta a ba shi elsidi. In fuskoki sun yi toka, su yi, a dai buɗe taga. Surukinsa ya yi ƙoƙari ƙwarai bai ce ai ya faɗa ba.

Washegari ya rufe rumfa da wuri, ya biya ya ɗauko yaron don su kama tare. Tun daga bakin gida suka ga tagar falo a buɗe. Matarsa ta sauke labulen tun safe, tunda aikinsa ya ƙare, wuta kuma babu a unguwar. Suna shiga tsakar gida suka ji murya, irin wadda gidan ya kwana biyu bai ji ba.

"Yanke hagu! Yanke duka, ɗan banza! Wa ya ba ka mota? Za ka kwashe wa matar nan teburi!"

Mai Walda ya shiga da sauri. Yaya yana kwance yadda ya bar shi, idonsa a kan talabijin, talabijin kuma a kashe. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta yi masa alama da ido ya yi shiru.

Ya sunkuya ya kai kansa kusa da na Yaya. A cikin baƙin gilashin ga tagar nan ɗungurungum, ga abin da ke bayanta: katangar gida, titi, wata tifa cike da yashi tana ƙoƙarin shiga lungu da baya, mai sayar da lemo tana janye teburinta, mutane sun tsaya kallo. Titin yana bayan kan Yaya tun ranar da aka kawo shi. Yana jin sa kullum, bai taɓa ganinsa ba.

"Dama zai yanke, Baba, ba hagu ba," in ji surukin, ya leƙa shi ma. "A gilashi komai a juye yake."

"Kai, ɗan ofis, rufe mini baki. Ni da na ƙare rayuwata ina tuƙi da madubi za ka koya wa juyi? Dubi, dubi! Ya hau kwalbati. Na faɗa."

Tifar ta yi gaba ta sake dawowa. Yaya ya bi ta da umarni har ta shige, sannan ya sauke numfashi kamar shi ya ja birki.

"Tun safe haka yake," in ji matar. "Ya san mai burodi ya makara. Ya ce mai shagon tsallake ya yi ƙiba. Ya cinye abincinsa yana faɗa da masu babur, bai ma san ya cinye ba."

Sai a lokacin Yaya ya lura da sifana a hannun ƙanensa, da kwalin da surukin ya jingine a bango.

"Auta, ina za ka da wannan?"

"Canza ta zan yi. A kawo wadda ba ta ƙyalli."

"Wadda ba ta ƙyalli tana nuna titi?"

"A'a."

"To in ka taɓa ta sai na tashi."

Matar ta fashe da dariya har ta dafa ƙofa. "Ashe madubi muka je nema a shagon talabijin. Da na sani da na ciro na ɗakina."

"Naki fuskata zai nuna mini, Amarya, kuma na gaji da ita. Wannan baƙi ne, ba ya kashe ido. Da rana titi, da yamma ku ja tsummanku a kalli ƙwallo. Me ya fi wannan?"

Surukin ya buɗe baki zai yi maganar wuta da zafi, ya duba talabijin ɗin a kashe, ya mayar da bakinsa ya rufe. Mai Walda ya ce masa ya je ya gaya wa mai shago an fasa, a kuma yi masa godiya.

Sifanar dai ta yi aiki. Ya hau kujera ya sassauta kusoshin mariƙin, ya riƙe talabijin ɗin da kafaɗa, Yaya yana ba da umarni daga gado yadda yake yi wa yaran motarsa a da.

"Ƙasa kaɗan. Ya yi yawa, gwiwata nake gani. Sama. Turo ta wajena. Tsaya! Tsaya nan. Ɗaure."

Ya ɗaure. Ya sauko yana goge hannu a wando.

"Saura abu ɗaya," in ji Yaya. "Wani shirgi ya tare mini mahaɗar titi. Abu ne dogo, mai tsatsa, a jikin katanga."

Wata tsohuwar ƙofar ƙarfe ce da Mai Walda ya kawo gida gyara, mai ita bai dawo ba. Ta zarce katangar da kusan kamu biyu. Mai Walda ya fita. Ya janyo ta daga jikin katangar, ya juya mata baya, ya durƙusa ya ɗora ta, ya miƙe da ƙyar. Ya fara takawa da ita a hankali zuwa bayan gida, kansa a sunkuye, ƙasan ƙofar yana jan ƙasa.

"Ci gaba," muryar Yaya ta biyo shi ta taga. "Ci gaba, Auta, kana tafiya kamar motar da ta yi lodi fiye da kima. Ƙara. Yauwa, ga mahaɗar nan ta fito."

Bai tsaya ba sai da ya kai ta lungun da ke bayan tankin ruwa. Ya jingine ta, ya sa dutse ya tokare ƙasanta don kada iska ta kayar.